Farar Rigar da Baba Bai Ƙarasa Ba

Zuwa ga ƙanena, Lauya,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka lafiya, kai da maiɗakinka da 'yan biyu. Allah Ya ƙara muku lafiya da rufin asiri, Ya raya yaran, Ya kuma sa wannan ɗaukaka da ke gabanka ta zamo alheri gare ka da mu baki ɗaya. Mu nan sai godiya. Maigidana ya dawo daga tafiya shekaranjiya, motar ta ba shi wahala a hanya amma ya iso lafiya. 'Yar autata ta fara haƙori, ta hana kowa sakat. Ƙafar Gwaggo tana nan yadda ka san ta, yau ta tashi gobe ta kwanta, sai dai bakin nan nata ko alamar gajiya bai yi ba.

Na san za ka yi mamakin ganin rubutun hannuna, tunda kusan kullum muna waya. Dalilin shi ne kai ba a kai ƙarshen magana da kai. Tun kana ɗan tsito, mutum zai ɗauko zance ka tare shi da tambaya uku kafin ya kai tsakiya, shi ya sa Baba ya laƙa maka Lauya tun ba ka san ƙofar makaranta ba. Sau huɗu ina kiran ka da niyyar in faɗa maka abin da ke cikin wannan takarda, sau huɗu kana jefo mini tambayoyinka, ni kuma ina samun kafar zillewa. Takarda kam ba ka da yadda za ka katse ta. Ina rubuta ta ne a asibiti, a kan bencin da ke bakin ɗakin da aka kwantar da Baba, a bayan littafin shirya darasina, yanzu da la'asar da aka fitar da mu ana gyara masa shimfiɗa. In na gama zan ɗauki hotonta in tura maka, don kada ta ɓata kwana ko ɗaya a hanya. Ka zauna ka karanta ta har ƙarshe kafin ka kira ni.

Abu na farko, na yi maka ƙarya. Kwana tara ke nan tun da aka sake kwantar da Baba ina ce maka jikinsa da sauƙi, kai kuma kana cewa to alhamdulillahi, za ka zo da zarar an rantsar da kai alƙali nan da mako biyu. Babu sauƙi, Lauya. Baba yana nan rai kwakwai mutu kwakwai. Abu na biyu ya fi na farko nauyi, kuma sai na koma baya kaɗan kafin ka gane shi.

Ka tuna wata huɗu da suka wuce, lokacin da jijiyar zuciyarsa ta toshe, aka buɗe ta aka sa masa ɗan ƙarfen nan mai kama da raga don kada ta sake rufewa. Ka zo ka yi kwana biyu, ka ga ya farfaɗo har yana yi wa nas-nas tsiya kan yadda aka ɗinka musu aljihu a karkace, ka koma da kwanciyar hankali. Washegarin tafiyarka wani abu ya faru da na taɓa gaya maka a gurguje, kai ma ka ji shi a gurguje. Na'urar da ke kansa ta fara kuka, layin da ke tafiya a jikinta ya rikice. Likitar zuciya, wata doguwar mata mai tabarau da ba ta san kwana-kwana ba, ta kira ni gefe. Ta kama yatsuna biyu ta ɗora a wuyan hannun Baba, ta ce in saurara. Na ji bugu uku a guje, sai shiru, sai ɗaya mai ƙarfi, sai waɗansu ƙanana kamar masu raɗa. Ta ce ɗakunan sama na zuciyarsa sun daina bugawa yadda ya kamata, karkarwa kawai suke yi. In suna karkarwa jini ba ya fita duka, yakan kwanta a lungu ya daskare, kuma duk ranar da gudan ya ɓalle, babu inda ya fi saurin nufa kamar ƙwaƙwalwa. Ta ce wanda zuciyarsa ta riga ta ji rauni irin na Baba, sannan wannan rikicewar bugu ta hau kai, haɗarin mutuwarsa ya fi na wanda ya yi ciwon zuciyar kaɗai, ba a asibiti kawai ba, har bayan an koma gida. Baba yana kwance yana jin mu. Ya ce ai ya gane, keken ɗinki ne ya fara tsallake, ya sha gyara irinsa. Likitar ba ta yi dariya ba.

An sallame mu da magani kala shida. Biyu daga ciki na tsinka jini ne: wata 'yar ƙarama fara saboda ƙarfen da aka sa masa, da wata ja-ja saboda karkarwar. Likitar ta nuna mini su da bakin biro, ta ce sauran in an manta sau ɗaya Allah Ya kyauta, amma waɗannan biyun su ne katangar da ke tsakaninsa da kabari. Da kalmar ta faɗa, ban ƙara mata gishiri ba. Ta kuma ce zai riƙa zubar da jini fiye da da in ya yanke, kuma duk abin da ya dame mu game da maganin mu dawo wurinta, kada mu yanke hukunci da kanmu. Na ce mata to. Ni da nake tsayawa gaban yara arba'in kullum ina ce musu su ji magana, na ce mata to da bakina. Na dawo da Baba gidana, ɗakin da ke kusa da tsakar gida, ni nake ba shi maganin safe kafin in tafi makaranta, na yamma kuma in na dawo.

Mako shida ya yi a zaune, kuma ka san Baba da zama. Ya gyara duk wani maɓalli da ke gidan, har da waɗanda ba su ce komai ba. A mako na bakwai likitar ta yarda ya koma shago, da sharaɗin ba zai taka keke ba, aikin hannu kawai. Shagon yana nan yadda ka bar shi: teburin yanka mai tabon dutsen guga a kusurwa, madubin nan da ya tsage tun muna yara, gwangwanayen maɓallai jere a kan kanta, da kujerarsa a bakin ƙofa inda haske ya fi faɗowa. Mai gyaran rediyo na shagon kusa ya share masa wurin tas, ya karɓe shi kamar wanda ya dawo daga wata duniya. Ranar Baba ya dawo gida bakinsa har kunne.

Ga abin da babu wanda ya yi tunaninsa, har likitar. Kai ba ka taɓa zama ka koyi aikin ba, ka fi son gardama, don haka bari in gaya maka. Mai aikin allura da hannu biyu yake ɗinki. Na dama yana sama yana tura allura, shi ake sa wa 'yar hular ƙarfen nan. Manunin hagu kuwa yana ƙarƙashin yadi, shi ne yake jin tsinin allura ya san ta fito daidai, ya mayar da ita. Kowane ɗinki sai allura ta taɓa wannan yatsa. Shekara hamsin Baba yana haka, har yatsan ya yi kanta mai tauri kamar ƙahon rago, allura ba ta shigarsa. Amma zaman asibiti da mako shidan hutu sun cinye kantar. Ta saɓule, sabuwar fata ta fito, laushi kamar ta jariri. Ga ido ya rage, ga hannu ya fara ɗan rawa. Allura ta soma shigarsa, kuma jinin da a da zai tsotse sau ɗaya ya wuce, yanzu sai ya yi ta tsattsafowa har minti goma. A mako na biyu da komawarsa ya ɓata wata 'yar rigar jaririya da matar mai rediyo ta kawo a yi mata adon fulawa a wuya. Matar ta ce ba komai, a wanke. Baba bai ci abinci ba ranar. Ya ce mini tun da ya fara riƙe allura bai taɓa miƙa wa mutum kaya da tabo ba. Na naɗe masa yatsan da filasta, ya ɗinka layi ɗaya ya ɓare ta ya yar, ya ce kamar an rufe masa ido ne.

Ana cikin haka sai ga saƙonka. Farin yadi, irin wanda in ka ɗaga shi haske yana ratsa shi, da 'yar takardarka cewa ba ka son kowa ya taɓa rigar da za ka sa ranar rantsuwa sai Baba, in dai jikinsa zai iya. Na san da kyakkyawar niyya ka yi. Ka ce mini a waya kana so ya ji har yanzu ana bukatarsa, kuma ya ji ɗin. Ya kira mai rediyo ya gani, ya kira mai wanki na tsallaken titi, har da masu wucewa da bai sani ba. Ya wanke hannu sau biyu kafin ya warware yadin. Ya ce farin zare zai sa a kan farin yadi, aikin da sai wanda ya matso kusa zai gani, domin alƙali ba ya bukatar ya yi ihu da tufafinsa. Ya kwana uku yana zana fasalin a takarda kafin ya ɗora alli a kan yadin.

Na ga aikin yana tafiya, na ga yatsan ya daina damunsa, na ce a raina kantar ce ta dawo. Haka nake ta yaudarar kaina har wata Laraba da aka tashe mu da wuri daga makaranta, na biya shago in ɗauki maɓalli don rigar makarantar babbar 'yata. Baba ya fita alwala. Na jawo gwangwanin fararen maɓallai na zazzage a tafin hannu, sai ga ƙwayoyin magani a ciki, farare da jajaye, sun saje da maɓallan. Na ƙirga su a tsaye, na kwana shida ne cif. Ashe in na miƙa masa maganin da ruwa, sai ya haɗiye huɗun, ya maƙale biyun tsakanin yatsu, ya zura a aljihu. Hannun da ya shekara hamsin yana ɓoye bakin zare, ɓoye ƙwaya biyu ba zai gagare shi ba. Kuma ni ce na nuna masa ko waɗanne ne, ranar da aka sallame mu, don ya san muhimmancinsu.

Da ya dawo ya gan su a hannuna, ko gezau bai yi ba. Na rufe ƙofar shagon na yi masa tatas, abin da ban taɓa yi ba tun da aka haife ni, ta inda nake shiga ba ta nan nake fita ba. Na tuna masa maganar likita, na tuna masa Inna, Allah Ya ji ƙanta, da yadda muka rasa ta muna ji muna gani. Ya bar ni na gama. Sannan ya jawo rigar daga cikin zanen da yake naɗe ta, ya shimfiɗa a tebur, ya ce in duba. Lauya, ban taɓa ganin aiki irin wannan daga hannunsa ba. Ya gama gefen dama na wuya da rabin ƙirji. Ya ce saura kwana goma. Ya ce ɗigo ɗaya ya isa ya kashe aikin, domin jini a kan irin wannan yadi ko an wanke sai ya bar inuwa, kuma ba zai yarda ɗansa ya tsaya gaban manyan mutane da jinin tela a ƙirji ba. Ya ce kwana shida ya yi ba maganin, ga shi garau, zuciyar ma ta fi natsuwa. Ya ce shi bai taɓa ba mu komai ba sai abin da allura ta kawo, kuma wannan ce riga ta ƙarshe da zai yi irinta, ya sani, idonsa ya gaya masa. Daga nan ya roƙe ni. Baba, wanda ko ruwa ba ya cewa don Allah a ba shi, ya kama hannuna ya ce in rufa masa asiri kwana goma, ranar da ya cire allura zai sha maganin a gabana har in gaji da kallo.

Na yarda. Ga shi na rubuta, ka karanta da kyau. Ba a tilasta ni ba, ba a ruɗe ni ba, na san abin da likita ta ce kalma da kalma. Na kalli tsohon nan na ga yadda rai ya dawo masa a fuska, na ce a raina kwana goma ai ba shekara ba ce. Na yi ciniki da shi kamar muna kasuwa, na ce bakwai, ya ce goma, muka tsaya a takwas. Na mayar da ƙwayoyin cikin gwangwani da hannuna. Daga ranar na daina ma miƙa masa su, don kada in sa shi wahalar ɓoyewa. Lambar likitar tana cikin wayata, na sha buɗe ta ina kallo a lokacin hutun tara a makaranta, ina mayarwa, don na san in na kira za ta ce a'a, ni kuma na riga na yi alkawari. Kowace safiya kafin in fita sai in ɗora yatsuna a wuyan hannunsa, in ji bugun nan mai tsallake, shi kuma ya yi mini dariya ya ce malama ta zama likita. Kai ma ka kira a cikin kwanakin, ka tambaye ni ko yana shan maganinsa, na ce maka ƙwarai kuwa.

A rana ta biyar, wajen ƙarfe sha ɗaya na safe, ina tsakiyar koya wa yara raba lamba, aka leƙo aka ce ana nema na a waya. Mai rediyo ne. Ya ce ya ji ƙarar faɗuwar almakashi, bai damu ba, sai ya lura Baba ya daina 'yar waƙar da yake yi ta hanci in yana aiki. Ya leƙa ya same shi ya zame daga kujera ya jingina da ƙofa, baki ya karkace, hannun dama ya saki. Ya ce abin da ya ba shi tsoro shi ne hannun hagun: Baba ya ɗaga rigar sama da shi, ya riƙe ta nesa da ƙasa, kuma sai da mai rediyo ya karɓa ya ɗora a tebur sannan ya yarda aka taɓa shi. Suka sa shi a motar mai wanki. Kafin in isa asibiti an shiga da shi ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa.

Likitar ta fito ta tambaye ni ko yana shan maganinsa. Na buɗe baki zan ce eh, yadda na saba, sai na kasa. Na gaya mata komai a tsaye a barandar nan, har gwangwanin maɓallai. Na so ta zage ni, da na ji sanyi. Ta cire tabarau ta murje ido, ta ce da mun zo mun faɗa mata maganar yatsan, da ta duba ko lokaci ya yi da za a sauke ɗaya daga cikin biyun, ko a sauya awon maganin, ko a nemo abin da zai rufe yatsan bai kashe masa ji ba. Ta ce tana da majinyata mahauta da kafintoci, kowa da yadda ake lallaɓa nasa. Ashe ƙofa a buɗe take, mu ne muka zauna a shago muka yanke hukunci mu biyu, tela da malamar firamare. Wannan maganar ita ce take hana ni cin abinci har yau.

Yanzu ga inda muke, kuma ina so ka karanta wannan sashe sau biyu. Gudan jinin ya toshe babbar jijiya a ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwarsa. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta ɗauke. Zuciyar tana nan tana karkarwarta, har ta fi da, kuma ta ƙara rauni, ruwa ya fara taruwa a huhunsa, sai an tada masa kan gado yake iya numfashi. Likitar ta ce an mayar da shi kan 'yar farar, amma ja-jar, wadda ita ce take hana sabon guda haɗuwa, ba za a iya ba shi yanzu ba, domin wurin da ya lalace a ƙwaƙwalwa yana da faɗi, in aka tsinka jinin da wuri zai iya ɓallewa a ciki. Sai an jira kamar mako biyu daga ranar da ya faɗi, a sake hoto. In an ba shi haɗari, in an hana shi haɗari. Na tambaye ta kai tsaye ko zai kai ranar rantsuwarka. Ta ce rai na Allah ne, amma in da ita ce take da ɗan'uwa a nesa, yau za ta kira shi, ba gobe ba. Kwana uku ke nan da ta faɗa mini haka, ni kuma na ci gaba da ce maka da sauƙi, don in na ce ka taho za ka tambayi dalili, kuma kai ba ka tsayawa a tambaya ɗaya.

Yana gane mutane. In Gwaggo ta shigo ta fara faɗan nas-nas, yakan lumshe ido yadda ya saba yi mata tun suna yara. In na ambaci sunanka sai ya juyo da ido wajen ƙofa. Manuninsa na hagu kuwa ba ya hutawa, yana ƙarƙashin mayafi yana ta motsi, yana neman tsinin allura. Jiya na yi tunanin ganin rigar zai faranta masa rai, na je shago na ɗauko ta, na warware na shimfiɗa masa a kan ƙirji. Sai ya rikice. Ya fara ture ta da hannun hagu, yana wani gurnani, na'urar ta hau kuka, nas ta rugo. Na ɗauke rigar, na ce a raina shi ke nan, ya tsane ta, ya gane ita ta kai shi nan, wataƙila ni ma ya tsane ni. Sai da nas ta kama hannun za ta gyara masa allurar ƙarin ruwa na ga abin da yake nufi. Filastar da ke bayan hannunsa ta jiƙe da ɗan jini. Na matsa baya na ɗaga rigar daga nesa inda zai gan ta ba ta taɓa shi ba. Nan take ya lafa. Ya daɗe yana kallon ta, sannan ya juya ya kalli ƙofa.

Ban rubuto don in ɗora maka laifi ba, kada ma ka fara. Kai yadi ka aiko, ba kai ka ce a bar magani ba. Amma ba zan ɓoye maka ba, akwai ranakun da nake jin haushinka, kai da farin yadinka, da nisanka da ya sa kullum labari mai daɗi kawai yake isa gare ka. Ina jin haushin Baba da taurin kansa. Wadda na fi jin haushi kuwa ina ganin ta a madubin banɗakin asibiti kowace safiya. Ban gaya wa Gwaggo ba, in ta ji sai unguwa ta ji, kuma ban shirya ba. Maigidana ya sani, ya ce ƙaddara ce, na ce na yarda da ƙaddara amma da hannuna na mayar da ƙwayoyin nan cikin gwangwani. Kai ne za ka zama alƙali, in ka zo ka yanke mini duk abin da ka ga dama, zan tsaya in ji har ƙarshe ba zan katse ka ba. Ni dai ina tsoro, Lauya. Ina tsoron ya tafi ni kaɗai ce a kansa, da wannan abu a cikina.

Saboda haka ka taho. Kada ka jira rantsuwa, ka nemi izinin kwana biyu ko uku, waɗanda za su rantsar da kai su ma suna da iyaye. In sun ce a'a, ka zaɓa da kanka, amma ka zaɓa kana sane, ba bisa ƙaryata ba. Ka ce mini in aiko maka da rigar ta hannun direba in an gama, to ba zan aiko ba. Ba a gama ta ba, kuma ba zan kai wa wani tela ya ƙarasa ba. Gefen hagu na ƙirji alli ne kawai, allurar tana nan soke inda ya tsaya, da zarenta. Haka za ka sa ta, ka tsaya a ƙarshen gadonsa inda hannunsa ba zai kai ba, ya gan ka a ciki. Na duba ta a rana, ciki da waje, ɗinki bayan ɗinki. Babu ɗigon jini ko ɗaya.

Ka gaishe mini da maiɗakinka, ka ce mata na gode da addu'o'in da take turowa. Ka shafa mini kan 'yan biyu, in da hali ka zo da hotonsu na kwanan nan. Ka gai da surukarka, Allah Ya ƙara mata lafiya. Gwaggo tana gaishe ka, ta ce ka rame a hoton da ta gani. Maigidana da yara suna gaisuwa, haka mai rediyo, wanda kullum sai ya buɗe shagon Baba ya share ya sake rufewa. Na saba rufe maka zance da cewa Baba yana gaishe ka. Yau na shiga na ce masa ina rubuta maka takarda, ko akwai saƙo. Ya kalli ƙofa.

Allah Ya kawo ka lafiya, Ya sa ka same shi.

Wassalam,
Yayarka, Malama